Itatuwan da Makau Bai Dasa Ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tungar Ɗoruwa ta nufi Bukkuyum zai iske wata kwana, inda hanya ta lanƙwasa ta bi gefen kwazazzabo. A wurin akwai dogon yaro da bagaruwa sun yi sahu a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa fili ne fetal. In ka tambayi wanda ya dasa su ba za ka rasa mai amsawa ba. 'Ya'yan Alhaji Bature za su ce nasu ne, har da shaidu. Masu gonakin gaba ma kowa zai nuna maka nasa. Ba wanda zai ambaci Makau, kuma da Makau na raye shi ma ba zai ambaci kansa ba, don gaskiyar magana bai taɓa sa ko ɗaya a ƙasa ba. Abin da ya yi a wurin, da abin da ya jawo wa gidansa, matarsa Inna Turai ce ta fi kowa sani. Ita ma ɗin ba ta taɓa cewa ta gama sani ba.

Sunansa na yanka Abdussalam, amma an haife shi ana maka ruwan sama, sai Makau ya bi shi har kabari. Mahaifinsa baƙo ne a garin. Daga wajen Gummi ya taso shekarar da gulbi ya cinye musu gona, ya zo da mata da tabarma, mahaifin Alhaji Bature ya ba shi aron gona a bakin hanya, daidai kwanar nan. Da tsofaffin biyu suka rasu, Bature ya gaji gonar, Makau kuwa ya gaji aron.

Gonar aro tana da ƙa'idarta, kuma ko yaron goye a garin ya san ta. Ka shuka gero, ka shuka dawa, ka shuka wake, duk abin da zai mutu a shekararsa. In kaka ta yi ka kai wa mai gona dami, don a tuna ta wane ce. Amma ba ka dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da wanda ya ba da aro da wanda ya karɓa, kuma wata rana jika zai tsaya a gindinsa ya ce kakana ya dasa, daga nan gona ta tafi. Shi ya sa mai aro in ya dasa itace, daidai yake da ya tsaya a kasuwa ya ce ƙasar nan tawa ce.

Da ƙuruciya Makau ya yi leburancin hanya, zamanin da ake gyaran hanya da diga da kwando. Aikin ya mutu, amma bai bar jikinsa ba. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin ya leƙa gonarsa sai ya saɓa fartanya ya bi hanya. Ya buɗe wa ruwa mafita, ya janye ƙayar da iska ta jefo, ya cike inda ya zaizaye. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke ba shi komai, kuma abin da ya hana mutane sakin jiki da shi ke nan. Wasu suka ce sarautar hanya yake nema. Wasu suka ce wani abu ya binne yana zagayawa. Shi kuma ba mai bayani ba ne. In an tambaye shi sai ya ce, “Ruwa ya toshe,” ya wuce.

Turai ta aure shi tana sane da wannan shirun, ta yi zaton zama zai buɗe shi. Zama bai buɗe shi ba. Sai ta koyi karanta shi ta wani wajen: ƙasar da ke ƙafarsa in ya dawo, ja ce ko baƙa, fartanyar da ya ɗauka, babba ce ko ƙarama, tuwon da ya rage a akushi.

Ana nan sai zinari ya bayyana a ƙasar Anka da Bukkuyum. Hanyar da a da sai ranar kasuwa take ganin ƙafa, ta koma ba ta hutawa. 'Yan kabu-kabu na ta zirga-zirga da buhunan dutse ɗaure a baya, kowa na gudu kamar an biyo shi. Daga baya labarin gubar dalma ya zo daga su Sunke da Bagega, aka yi ta binne yara, amma haƙa ba ta tsaya ba. Abin da ya tsaya shi ne yarda. Mutum ya tsuguna a gonar wani don ya ɗaure takalmi, kafin la'asar an ce ya ga wani abu. Wa da ƙane suka daina gaisawa a kan iyakar da tun kakanni ba a taɓa aunawa ba. Makau bai je haƙa ba, bai kuma yarda an daka dutse a gidansa ba. Wannan ma aka lissafa masa a cikin abin zargi, aka ce ai ba mai ƙin zinari, sai dai wanda ya san inda nasa yake.

A ƙarshen daminar shekarar dubu biyu da sha ɗaya ne ɗansu Halilu, wanda ke kabu-kabu, ya faɗa kwazazzabon. Ya taho daga Bukkuyum da kaya, ya sha kwana, ya yi kiciɓis da wata mota, ya kauce gefe. Gefen kuwa ruwa ya riga ya rarake shi ta ƙasa, sama ce kawai ta rage. Ƙasa ta burma da shi da babur ɗin. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafa ce ta karye.

Ana cikin ɗori, Halilu na ihu, mata na salati a tsakar gida, Turai ta waiwaya ba ta ga Makau ba. Sai da rana ta yi sanyi ya shigo, ƙafafunsa jajur da ƙasar kwana har gwiwa.

“Malam, ɗanka na kwance ana jan ƙashinai, kai kana ina?”

“Na tahi in ga wurin.”

“Wurin ya karye ne shi ma?”

“Ya kusa,” in ji shi. Ya wanke ƙafa ya shiga wajen yaron.

Da rani ya shiga, wata safiya Turai ta zagaya bayan rumbu neman kazarta mai kwanci, sai ta ci karo da abin da ba ta zata ba. Ledojin fiya-wata ne jere a inuwa, an yanke bakinsu, an cika su da ƙasa da taki, kowace da ɗan tsiro a ciki. Ta san ganyen dogon yaro. Ta san na bagaruwa. Nan take ta gane inda ruwan randarta yake tafiya, wanda ta daɗe tana ɗora wa jikoki laifinsa.

Ba ta yi magana ba sai da ya ci abinci. Ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake.

“Malam, muna da gona wadda ban sani ba?”

“A'a.”

“To ɗiyan itacen da ke bayan rumbu, bisa kaina za a dasa su?”

Ya jawo buta yana wanke hannu.

“Ka san dai gonar da muke ci ba tamu ba ce. Ka san Alhaji. Mutumin da in akuyarka ta shiga gonarsa sai ya duba bakinta ya ga mi ta ɗauka. In ka sa itace a wurin nan, da mi za mu ci da gidan ga?”

“Ba ni dasawa.”

“Rantse.”

“Turai, na ce ba ni dasawa.”

Makau ba ya ƙarya, wannan ta sani. Amma ta kuma san mutum yana iya faɗin gaskiya ya ɓoye wadda ta fi ta. Tun daga ranar ta sa masa ido. In ya fita ta bi shi da kallo ta kan danga ta ga inda ya nufa. In ya dawo ta duba aljihun rigarsa kafin ta wanke. Har ta kai tana tunanin ko maganar mutane gaskiya ce, ko ranar da ya shiga kwazazzabo ya ga wani abu mai ƙyalli a inda ƙasa ta burma, yana son ya riƙe wurin da dabara. Ta yi istigfari, tunanin ya tafi, ya sake dawowa.

Abin da ba ta sani ba sai daga baya shi ne, Makau ya riga ya je wajen Alhaji Bature. Fatsuma ce ta gaya mata a bakin rijiya. Fatsuma yayar Alhaji ce, kuma ƙawar Turai tun suna 'yan mata, irin ƙawancen da ba a raba shi da tsiya.

“Ke matar sarkin hanya, ashe mijinki ya zo roƙon a ba shi izinin dashe?”

Turai ta riƙe guga. “Wane dashe?”

“Ji ta, kamar ba ta sani ba. Wai kwazazzabo zai cinye hanya, sai an sa itace ya riƙe ƙasa. Ya ce ma in Alhaji ba shi yarda da shi, to Alhajin ya dasa da kansa. Alhaji ya ce mai, hanya ta gwamnati ce, gwamnati ta zo ta riƙe abinta. Da ya hita Alhaji ya ce mani, Yaya, baƙon da ya kwana biyu ya fara auna ɗaki.”

“Shekara nawa muna garin nan, har yau baƙi muke?”

“Ni dai na hwaɗa maki abin da anka ce. Ki ja mai kunne, in shina da shi.”

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ranar kasuwar Bukkuyum, lokacin da hanya ta fi cika, da hantsi tsaka, Makau ya ɗauki diga da kwandon tsirrai a ka ya nufi kwana. Bai ɓuya ba, bai yi sauri ba. Ya fara daga bakin gonar aron, ya haƙa rami, ya ajiye leda ɗaya a gefensa, tsiron na tsaye cikin ledarsa. Ya matsa gaba ya haƙa wani. Ya wuce iyakar Alhaji Bature ya shiga ta maƙwabci, ya wuce ta gaba, har inda kwazazzabo ya rabu da hanya. Ramukan suka yi layi a gefen waje na kwanar, tsakanin hanya da bakin ramin ruwa. Inda ƙasa ta fi rauni ya matso da su kusa da juna ya ajiye bagaruwa, inda ta yi ƙwari ya ba su tazara ya ajiye dogon yaro. Gefen ciki kuwa bai taɓa shi ba, don in itace ya tashi a nan zai tare wa mai babur ganin abin da ke tahowa. Ya gama, ya karkaɗe hannu, ya koma gida ya nemi fura.

Kafin azahar garin ya ɗauka. Masu dawowa daga kasuwa suka yi cirko-cirko a kwana. Wasu samari suka kwashi ƙasar ramukan a tasa suka gangara rafi suka wanke, ba su ga komai ba, suka dawo suka ce lallai tsohon ya fi su wayo, ramin gaske na wani wuri, waɗannan na ɓad da sawu ne. Sai wani ya lura da abin da ya ƙara dagula magana: gefen cikin da ba a haƙa ba, gonar Mai unguwa Uba ce.

“Kun gani? Ta mai unguwa kaɗai anka bari.”

“Ashe da shi anka ƙulla.”

Maganar ta isa kunnen Mai unguwa Uba kafin ya idar da sallar la'asar. Mutum ne mai son a zauna lafiya, da an bar shi da ya ce a yi haƙuri a watse. Amma yanzu sunansa ya shiga, dole ya nuna ba ruwansa. Ya aika a kira Makau.

Turai ta yafa mayafi ta bi ta bayan gida, ta shiga wajen matan mai unguwa, ta zauna jikin zanan da ya raba tsakar gida da zaure. Muryar Alhaji Bature ta fara ji, cike da fushi.

“Ubana ya ba ubanai wurin ci, yau shi zai saka mani da dashe!”

“Makau, ka ji ƙara,” in ji mai unguwa. “Mi kac ce?”

“Ranka ya daɗe, a tambayi Alhaji. Na dasa?”

Mai unguwa ya juya wajen Alhaji.

“Alhaji, ya dasa?”

“Bai dasa ba tukuna. Amma wanda ya haƙa rami ya aje itace a baki, rawa zai yi a ciki?”

Aka yi dariya, ban da Makau.

“To don mi kah haƙa?” in ji mai unguwa.

“Ƙasa na tahiya. Bana in ba a riƙe ta ba, baɗi babu hanya.”

“Kuma don mi ba ka haƙa a tawa ba? Ka hwaɗa gaban mutane, don ana cewa mun haɗa baki.”

“Taka ba ta son itace.”

Wannan amsa ba ta taimaki kowa ba. Zaure ya kaure, wani na cewa ka ji ko, wani na cewa a bar shi ya ƙarasa. Mai unguwa ya daka tsawa, ya yanke magana da muryar da Turai ba ta san shi da ita ba. Makau ya cike ramukansa, ya kwashe ledojinsa kafin Juma'a. In ya yi, magana ta mutu, ya ci gaba da noman aronsa. In bai yi ba, ya girbe abin da ya shuka bana, gona ta koma hannun mai ita.

Ta riga shi isa gida. Da ya shigo ta tare shi a bakin ƙofa, ba ko sannu da zuwa.

“Gobe da sassafe ka tahi ka cike su.”

“A'a.”

“Malam, dubi rumbun nan. Daga ina kake zaton hatsin cikinsa ya hito? Halilu bai taka ƙafa ba tukuna, ga matarsa, ga ɗiyansa. Hanya za mu dafa mu ci?”

“In na cike, wani zai faɗa inda Halilu ya faɗa. Shi ba lallai ya tashi ba.”

“To su masu gonakin su ji tsoron Allah su riƙe ƙasarsu. Kai mi naka a ciki?” Ta sassauta murya. “Ko akwai abin da kag gani a ƙasan can? In akwai, hwaɗa mani. Ni matarka ce.”

Ya dube ta ya daɗe, irin kallon da ya sa ta ji kunyar tambayar, amma bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya ɗauki buta ya fita masallaci.

Kwanakin suka yi ta tafiya, ramuka na nan baki buɗe, tsirrai na tsaye a gefe, ba mai taɓa su. Masu gonaki na zagayawa safe da yamma su ga ko ya dasa. Makau kuwa kullum sai ya bi ta wurin da fartanya a kafaɗa, ya tsaya, ya duba sama kamar mai auna hadari, ya wuce. Duk tsayawar da ya yi sai an kai wa Alhaji rahoto.

Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye Turai ta yanke shawara. In shi ba zai cike ba, ita za ta cike. Mai unguwa ya ce a cike ne, bai ce da hannun wa ba. Ta jira Makau ya tafi gaisuwar wani mara lafiya, ta ɗauki ƙaramar fartanya ta ɓoye cikin mayafi, ta bi ta bayan gari.

Tun daga nesa ta hango mutane a kwana. Ta ce a ranta shi ke nan, ya riga ni, ya dasa. Ta ƙara sauri.

Ba Makau ba ne. Alhaji Bature ne durƙushe a cikin caɓi, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, yana yage leda da haƙori. Liman na tsaye a kansa da wasu dattawa biyu da ya tattaro daga masallaci. Ya sa tsiron a rami, ya tura ƙasa da tafin hannu, ya danna, ya ɗaga hannuwan sama duk laka.

“Ku shaida! Hannun wa kunka gani?”

“Naka, Alhaji.”

“Ƙasa ta jiƙa, na san yau zai lallaɓo shi dasa, gobe shi ce ai an riga an yi. To na riga shi. Wanga itace nawa ne, cikin gonata, ni Bature. Duk wanda ya zo bayan raina ya ce wani abu, kun ji da kunnenku.”

Ya matsa rami na gaba. Can gaba kuma maƙwabcinsa na yin irin haka da nasa shaidun, na gaba da shi ma ya turo a kira masa surukinsa ya zo ya gani. Kowa na sauri, kowa na satar kallon hanyar gari kada Makau ya ɓullo.

Sai Alhaji ya ɗago ya ga Turai, ya ga bakin fartanya ya leƙo daga mayafinta.

“A'aha! Kun gani? Bai zo da kansa ba, ita ya turo! Turai, dashe kika zo yi?”

“Cikewa na zo yi, Alhaji.”

“Cikewa!” Ya yi wata dariya marar daɗi. “Da na makara da mun ga cikewa.”

“Wallahi cikewa na zo yi. Tunda ga shi ka dasa abinka da hannunka, ai magana ta ƙare. Ka bar muna gonar.”

“An ce shi cike kahin Juma'a. Ya cike? Ni ya sa na durƙusa cikin laka da girmana. Ku girbe ku ba ni wurina. Mutumin da ban san abin da yake nuhi ba, ba ni barinsa a bakin iyakata.”

Ta juya ta koma gida da fartanyarta, ba ta sari ƙasa ko sau ɗaya ba.

Haka aka yi. Da kaka suka girbe, Makau ya kai damin ƙarshe gidan Alhaji, ya yi godiya kamar yadda ya saba kowace shekara. Wannan godiyar ma ta tsaya wa Alhaji a rai, ya ce wa Fatsuma mutum ba ya barin gona da sauƙi haka sai in ya samu abin da ya fi ta. Ba abin da Makau ya samu. Wani ɗan fegi mai tsakuwa aka ara musu can bayan gari, wanda ba ya kai su ko tsakiyar rani. Da tsufansa ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Turai ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Shekarun nan sun sha wuya, kuma ba ta ɓoye masa cewa shi ya jawo ba. Ta kan ajiye masa tuwo ta ce, “Ga abin da hanya ta aiko.” Ya ce bismilla ya ci.

Tsirran kuwa ba su mutu ba. Da rani ya tsananta, sai Makau ya ɗauki jarka ya bi hanya a hankali, ya tsaya daura da wanda ya fara yaushi. Ba ya zuba ko ɗigo. Kafin ya kai gida mai itacen ya ji labari, ya zo da ruwansa yana huci, kada gobe a ce Makau ne ya raya. In awaki sun fara gaigayar wani, ya jawo reshen ƙaya ya yar a tsakiyar hanya, washegari a iske an kewaye itacen. Da itatuwan suka yi tsawo rassansu na ƙasa suka fara tare ido, ranar kasuwa ya fito da gatari ya zauna a gefen hanya yana wasa shi a dutse. A makon aka sassabe su duka. Ba wanda ya taɓa gode masa, kuma ba wanda ya daina sa masa ido. Ta haka saiwa ta kama ƙasa, kwazazzabo ya tsaya inda yake.

Sau ɗaya Turai ta tambaye shi kai tsaye. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah. Ranar da kah haƙa ramukan nan, ka san su za su dasa?”

“Na san Alhaji ba shi son a riga shi.”

“Kuma ka san gona za ta tahi?”

Ya ci gaba da fiƙe ƙota. Har ta fid da rai da amsa, sai ya ce, “Na yi zaton zai bari.” Ta kasa gane ko nadama ce a muryar ko kuwa ya faɗa ne don ta samu abin riƙewa.

Makau ya rasu a daminar shekarar dubu biyu da sha takwas, bayan gajeriyar jinya. Ranar addu'ar uku Alhaji Bature ya zo gaisuwa, ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Bayan an shafa fatiha ya nemi a yi masa iso wajen Turai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta'aziyya, sannan ya rage murya.

“Turai, yanzu dai ya tahi, ba abin ɓoyo. Mi yake nema a wurin nan?”

“Alhaji, da na sani da na hwaɗa maka. Ni ma na bincike aljihunsa har na gaji.”

Ya girgiza kai, alamar bai yarda ba. Ya juya zai tafi, ya sake tsayawa.

“Gonar nan ta fi ƙarfina yanzu. Ki ce wa Halilu in shina so, shi noma. Aro.” Ya ɗaga sanda ya nuna ta. “Amma kada in ga rami.”

“Za ni hwaɗa mai,” in ji ta.

Ta bi shi da kallo har ya fita. Sannan ta ɗebi ruwa a randa ta zagaya bayan rumbu, inda sababbin ledojin tsirrai da Makau ya bari suke jere a inuwa. Wani kwazazzabon ya fara cin hanyar rafi, Makau kuma ya riga ya nuna mata wurin tun kafin ya kwanta, bai dai ce mata ta yi komai ba. Ta tsaya da moɗa a hannu tana dubansu, tana tunanin ko wannan ma da gangan ya bar mata. Ta leƙa ta kan danga ta tabbata ba mai kallo, ta zuba musu.